Bitar Simcenter Flotherm: wata takwas ina bin sawun zafi a cikin rufaffen akwati

Abin da ya haɗa ni da manhajar Simcenter Flotherm, wadda ke lissafin yadda zafi ke tafiya a cikin kayan lantarki, wani ƙaramin akwatin alminiyum ne, mai tsawon santimita 16, faɗin santimita 11 da kaurin santimita 5, wanda aka ɗora mini alhakin zana allon lantarkin da zai zauna a cikinsa. Aikin na'urar shi ne ta karɓi wuta mai volt 48 ta mayar da ita volt 12, kuma sharaɗin da aka gindaya shi ne akwatin ya kasance a rufe ruf, babu fanka, babu ko huda ɗaya da ƙura ko ruwa za su bi su shiga, sannan ta ci gaba da aiki ko da iskar da ke kewaye da ita ta kai digiri 50 a ma'aunin Salsiyas. Bisa lissafina wat 12 ne za su riƙa salwanta suna komawa zafi a ciki. A kan takarda wat 12 ba su taka kara sun karya ba, amma idan aka kulle su a wurin da bai wuce tafin hannu biyu ba, ba su da mafita sai bangon akwatin, kuma kafin su kai ga bangon sai sun ratsa dalma da jan ƙarfe da jikin allon kansa, kowanne yana riƙe su gwargwadon halinsa.

Manhajar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Kamfanin Flomerics ne ya ƙirƙiro ta a Ingila, inda David Tatchell da Harvey Rosten suka kafa shi a 1988 bayan sun baro kamfanin CHAM na Farfesa Brian Spalding, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin lissafin motsin ruwa da iska da kwamfuta. Mentor Graphics ta Amurka ta sayi Flomerics a 2008, Siemens ta Jamus kuma ta sayi Mentor Graphics a 2017, daga nan sunan Simcenter ya hau gaba. Na kawo wannan tarihi ne domin yana bayyana halinta: tun ranar farko don kayan lantarki aka gina ta, saɓanin manyan manhajojin lissafin iska da aka yi domin jiragen sama da injina daga baya aka lanƙwasa su zuwa wannan aiki, kuma ana ganin wannan bambanci tun daga sa'ar farko ta zama a gabanta.

Yadda take aiki a taƙaice shi ne, tana yanka sararin da aka zana, da ƙarfensa da iskarsa, zuwa ƙananan gurabe masu kusurwa huɗu kamar tubalan gini, sannan ta lissafa wa kowane gurbi zafin da ya shigo masa da wanda ya fita, tana maimaitawa ɗaruruwan lokuta har lissafin ya natsu. Hanyoyi uku da zafi ke bi duk tana ɗauke da su, wato ratsawa ta cikin daskararren abu, da ɗaukewar da iska ke yi idan ta ɗumama ta tashi sama, da fita ta hasken infirared wanda ido ba ya gani. Abin da ya fi sauƙaƙa mini rayuwa shi ne kayan da ta zo da su a shirye, waɗanda ake kira SmartParts. Idan kana son fanka, ba sai ka zana fikafikanta ba, sai dai ka shigar da jadawalin da ke nuna yawan iskar da take turawa a kan kowane matsin lamba. Idan hitsink kake so, wato farantin ƙarfen nan mai haƙora da ke zuƙe zafi, sai ka faɗi yawan haƙoran da tsayinsu da tazararsu, ita ta gina shi. Akwatina da allona da manyan kayan da ke kansa ba su ɗauke ni yini guda ba wajen haɗawa.

Inda na fi daɗewa, kuma inda nake ganin manhajar ta cancanci sunan da ta yi, shi ne jikin allon. Mutane da yawa suna kallon allon lantarki a matsayin abu guda, alhali abubuwa biyu ne masu hannun riga da juna aka manna wuri ɗaya. Jan ƙarfe yana tafiyar da zafi da kusan wat 390 a kowace mita a kowane digiri, shi kuwa FR-4, wato gaurin zaren gilashi da ƙaro da ake yin jikin allon da shi, bai wuce 0.3 ba. Tazarar ta haura ninki dubu. Ma'anar wannan ita ce zafi yana gudu a kwance ta cikin shimfiɗar jan ƙarfe, duk da cewa kaurinta na yau da kullum maikiron 35 ne kacal (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), amma idan ya zo ƙetarawa daga saman allo zuwa ƙasansa sai ya cije. Flotherm tana karɓar zanen allon daga manhajar zane ta fayil irin ODB++, ta duba yawan jan ƙarfen da ke kowane yanki na kowace shimfiɗa, ta ba yankin ƙarfin ratsawar da ya dace da shi. Da na gwada maye gurbin wannan da lamba ɗaya ta matsakaici ga allon duka, domin in rage lokacin lissafi, sai wuraren da suka fi zafi suka baje suka ɓace daga hoton, don haka na koma wa cikakken zanen ban sake barinsa ba.

Kayan da suka fi damuna su ne tiranzistoci biyu irin MOSFET, wato ƙananan makunnan lantarki da ke buɗe wuta da rufe ta, kowanne yana zubar da kusan wat biyu da rabi. Tsarina na farko shi ne zafin kowannensu ya sauka ta ramuka tara masu rufin jan ƙarfe da na huda a ƙarƙashinsa, ya isa bayan allon, daga nan wata lallausar shimfiɗa mai kaurin milimita ɗaya ta miƙa shi ga bangon akwatin. Lissafin farko ya nuna zuciyar tiranzistan tana kusan digiri 120 idan waje yana 50. Wannan bai kai iyakar digiri 150 da takardar masana'anta ta gindaya ba, amma bai kwantar mini da hankali ba, domin turjiyar MOSFET ga wuta tana ƙaruwa idan ya yi zafi, ta yadda a wajajen digiri 125 takan kai ninki ɗaya da rabi na abin da take a digiri 25, kuma ƙarin turjiya ƙarin zafi ne, wanda shi ma yake ƙara turjiyar. Zargina gaba ɗaya ya tafi kan lallausar shimfiɗar nan, har na fara neman wadda ta ninka ta ƙarfi.

A nan ne wani ma'auni da manhajar ke kira BottleNeck ya gyara mini tunani. Hoton zafi na yau da kullum, mai ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, yana nuna inda ya yi zafi ne kawai, wanda sau da yawa ka riga ka sani. Shi wannan ma'auni yana haɗa abubuwa biyu, wato yawan zafin da ke bi ta wani wuri da kuma yadda digiri ke faɗuwa da sauri a wurin, don haka yana haskaka mashigar da zafi mai yawa ke cunkushewa. Da na kunna shi, lallausar shimfiɗar ta fito da ɗan haske kaɗan, ramukan nan tara kuwa suka yi jawur. Na ɗauki biro na bi lissafin da hannu domin in tabbatar. Rami mai faɗin milimita 0.3, da rufin jan ƙarfe maikiron 25, a allo mai kaurin milimita 1.6, turjiyarsa ga zafi tana kusan digiri 190 a kan kowane wat. Guda tara a jere sun ba da wajen 21, idan aka haɗa da ɗan abin da jikin allon ke taimakawa ya sauko wajen 15. Ita kuwa shimfiɗar, mai ƙarfin ratsawa 3 a faɗin santimita ɗaya murabba'i, turjiyarta 3.3 ce kawai. Da na sauya ta da mai ninkin ƙarfi, digiri huɗu zan samu. Da na faɗaɗa jan ƙarfen da ke ƙarƙashin tiranzistan na mayar da ramukan 25, sai zafin ya sauko da kusan digiri 20, ba tare da an ƙara ko abu ɗaya a jerin kayan da za a saya ba. Gaskiya lissafi ne da ya kamata in yi tun farko da kaina, kuma na ji kunya kaɗan da sai da hoto ya nuna mini, amma abin da ya faru ke nan.

Akwai kuma sashen da ake kira Command Center, inda ake jera sauye-sauye, misali kaurin shimfiɗa uku da yawan ramuka huɗu da yanayin zaman akwatin a tsaye ko a kwance, a bar kwamfuta ta kwana tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta nan na gano cewa kafasitocin ruwa, wato ƙananan ma'ajiyan cajin wuta, da na jera kusa da naɗin waya suna shan zafinsa ta cikin jan ƙarfen da ya haɗa su, har suna kai digiri 75. Ƙa'idar da masu yin irin waɗannan kafasitoci ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Wanda aka rubuta masa sa'a 2,000 a digiri 105 zai yi wajen sa'a 16,000 a digiri 75, wato bai cika shekara biyu yana aiki dare da rana ba, a digiri 65 kuwa sai ya kai 32,000. Matsar da su santimita biyu da rage faɗin hanyar jan ƙarfen ya ba ni wani ɓangare na wannan tazara.

Sai dai duk wannan yabo yana da sharaɗi, kuma ni kaina na ɗanɗana shi. Ranar da samfurin gwaji ya iso, na manna siraran wayoyin auna zafi guda shida a wuraren da na zaɓa, na rufe akwatin, na kunna shi a ɗaki mai digiri 25, na bar shi sa'a uku har lambobin suka daina motsi. Manhajar ta ce bangon akwatin zai haura zafin ɗaki da kusan digiri 20. Ma'auni ya nuna 31. Kowane abu a ciki ma ya ɗaga da kusan wannan tazara, kamar an ɗauki hoton duka an tura shi sama. Kwana biyu na yi ina ƙara yawan gurabe, ina sake duba wat ɗin kowane abu, ina zargin wayoyin awon, babu abin da ya motsa. A rana ta uku na ɗauko kyamarar zafi na haska akwatin, sai ta nuna mini shi kusan sanyi ƙalau, alhali yatsana ba ya iya daɗewa a kansa, har ina ganin inuwar hannuna tana yawo a jikin ƙarfen cikin hoton. Ruwa ba ya tsami banza. Akwatin da za a sayar baƙi ne, wanda aka yi wa rufin anodayizin, kuma irin wannan fuska tana fitar da hasken infirared da daraja wajen 0.8 a ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 1, ita na shigar a manhajar. Samfurin da ke gabana kuwa tsurar alminiyum ne mai sheƙi da ba a riga an rufe ba, wanda darajarsa ba ta wuce 0.05 zuwa 0.1 ba, shi ya sa ba ya fitar da zafinsa ta wannan hanya, kuma shi ya sa kyamarar ke ganin hoton ɗakin a jikinsa kamar madubi. Na yanko guntun baƙin tef na manna a bangon, nan take wurin ya fito da ainihin zafinsa. Da na mayar da lambar 0.1 a manhajar, lissafi da awo suka matso juna, tazararsu ba ta wuce digiri uku ba a dukkan wurare shida.

Kuskuren nawa ne ɗungurungum, amma ya nuna mini abu biyu game da kayan aikin. Na farko, a na'urar da ba ta da fanka, hasken infirared yana iya ɗaukar kusan rabin zafin da ke fita daga akwati, don haka wanda ya manta bai kunna lissafinsa ba, ko ya ba fuska darajar da ba tata ba, ya yi asarar rabin gaskiya. Na biyu, manhajar ba ta da hanyar sanin cewa abin da ka faɗa mata ba shi ne ke kan teburinka ba, kuma hoton da za ta ba ka a kan lamba mara kyau yana da kyan gani daidai da wanda za ta ba ka a kan lamba mai kyau. Wannan kyan gani yana da haɗari a ɗakin taro, domin mutanen da ba su san yadda aka samo hoton ba suna ɗaukarsa kamar awo ne.

Irin wannan taka tsantsan ake bukata wajen lambobin da ke cikin takardun masana'antu. Wadda aka fi yawan ɗauka a yi kuskure da ita ita ce turjiyar zafi daga zuciyar cif, wato ƙwayar silikon da ke cikinsa, zuwa iskar waje. Ƙa'idojin JEDEC, ƙungiyar da ke tsara wa masana'antar cif ma'aunai, a jerin JESD51, sun fayyace cewa ana auna ta ne a kan wani allon gwaji na musamman, cikin akwati mai faɗin ƙafa ɗaya a kowane gefe, inda iska ba ta motsi, kuma cif guda yana iya ba da lambobi biyu masu nisa da juna dangane da ko allon gwajin mai shimfiɗa ɗaya ne ko mai huɗu. Amfaninta kwatanta wani cif da wani, ba hasashen zafin da zai yi a allonka ba. Flotherm tana ba da hanyoyi mafi inganci na wakiltar cif: akwai samfuri mai turjiya biyu, ɗaya zuwa saman cif ɗaya zuwa allo, wanda JESD15-3 ta tsara, akwai kuma samfurin DELPHI mai rassa da yawa na JESD15-4, wanda ya samo asali daga wani aikin bincike na Turai a shekarun 1990 da Flomerics ta shiga ciki. Na biyun ya fi daidaito nesa ba kusa ba, sai dai samunsa ya dogara ga mai ƙera cif ɗin, kuma a cikin kayan da ke allona kaɗan ne na samu nasu. Ga masu hali akwai na'urar T3Ster ta gidan guda, wadda ke auna zafin zuciyar cif ta hanyar lura da yadda ƙarfin wuta a mahaɗar silikon ke raguwa da kusan milivolt biyu a kowane digiri, sannan a daidaita samfurin da sakamakon. Ban yi aiki da ita ba, don haka na tsaya a kan wayoyin awona.

Ragar tubalan nan ita ce ƙarfin manhajar kuma ita ce iyakarta. Kayan lantarki galibinsu masu kusurwa ne, don haka ragar tana hawa kansu daram, tana samuwa cikin daƙiƙoƙi, lissafin kuma ba ya yawan tarwatsewa. Amma abu mai lanƙwasa, kamar jikin kafasita ko murfi mai gantsarwa, yana komawa matakala-matakala, kuma wanda kayansa duka masu lanƙwasa ne, irin su fitilar mota ko abin sawa a kunne, ya fi dacewa ya duba 'yar'uwarta Flotherm XT, wadda aka gina domin ta bi siffar zanen yadda take. Akwai kuma batun tazarar girma. Tsakanin shimfiɗa mai maikiron 35 da akwati mai milimita 160 akwai ninki sama da 4,500, kuma idan ba a killace ƙananan gurabe a kewayen ƙaramin abu ba, layukansu suna miƙewa har ƙarshen sararin, su haifar da gurabe dogaye sirara masu jinkirta natsuwar lissafi. Manhajar tana da hanyar killacewar, kuma tana aiki da kyau, amma sanin inda za a matse raga da inda za a sake ta sai da na yi makonni kafin hannuna ya faɗa. Al'adar da na ɗauka ita ce in dasa wuraren lura a kan kayan da suka fi muhimmanci, in ninka yawan gurabe, in ga ko lambarsu ta motsa fiye da digiri ɗaya. Idan ta motsa, ragar ba ta isa ba tukuna.

Ba kowane aiki ne ke bukatarta ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Wanda allonsa ke zubar da wat ɗaya ko biyu a fili, biro da takarda da kyamarar zafi sun ishe shi. Wanda kuma yake da ilimin lissafin iska da haƙurin rubuta umarni zai iya kaiwa ga sakamako da OpenFOAM, wadda kowa ke iya saukewa, sai dai zai gina da hannunsa abubuwan da Flotherm ta zo da su a shirye. Ansys Icepak ita ce kishiyarta ta kusa, kuma ragarta ta fi sakewa wajen bin siffofi. Inda Flotherm ta fi biyan wahalar koyonta shi ne wurin da kuskure ke nufin sake buga allo ko sake sassaƙa ƙarfen zubin akwati, da wurin da ake son amsar tambayoyin da ba a iya gwadawa a ɗaki cikin sauƙi. Misali, an tambaye ni abin da zai faru idan aka kafa na'urar a kan dutse mai tsayin mita 3,000, inda nauyin iska ke raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfinta na ɗauke zafi ma ya ragu. Sauya lambar matsin iska da sake lissafi bai ɗauke ni rabin yini ba.

Samfuri na biyu ya zo da baƙin akwatinsa na ainihi da ramuka 25 a ƙarƙashin kowane tiranzista. Na mayar da darajar fuskar 0.8, na sa na'urar a ɗakin gwajin zafi a digiri 50, na manna wayoyin a wuraren da na sa su a karon farko. Bangon akwatin ya tsaya a 70, inda manhajar ta ce 69, kafasitocin suka tsaya a 72, saman tiranzistocin kuma a 96, inda ta ce 94. Naɗin wayar ne kaɗai ya saɓa da digiri bakwai, kuma ina kyautata zaton asarar da ke faruwa a cikin ƙarfen tsakiyarsa ce na ƙiyasta ƙasa da yadda take, domin daga jadawalin masana'anta na ɗauko ta ban auna ba. Ita nake shirin aunawa a mako mai zuwa kafin in sake shigar da lambar.